A'ishatu, Aishat ko Aichatou? Tarihin Rubuta Sunan 'Ya Mace a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Kwanakin baya na je Kwargaba, cikin ƙasar Wurno, sunan ɗiyar ƙanena. Kamar yadda aka saba, da gari ya waye maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya raɗa wa jaririya suna A'ishatu, aka shafa fatiha. Maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Har zuwa nan babu wanda ya yi musu da wani. Kowa ya ji sunan, kowa kuma ya gane shi.

Gardama ba ta tashi ba sai bayan la'asar, da uban jaririya ya ɗauko takarda zai rubuta sunan da za a kai wurin rajistar haihuwa. Shi dai Aisha ya rubuta. Ƙanwar mai jego, wadda ke karatu a Sakkwato, ta aiko daga cikin gida cewa a sa Aishat, wai ya fi tafiya da zamani. Kawun mai jego da ya zo daga Maraɗi ya ce su a wajensu Aichatou ake rubutawa, haka yake a takardun 'ya'yansa duka. Ni kuma na ce ƙa'idar rubutun Hausa A'ishatu ta sani. Da surutu ya yi yawa sai liman ya karɓi alƙalami, ya ja baƙaƙe biyar na Larabci daga dama zuwa hagu, ya miƙo mana ya ce, "Mu dai haka munka iske ana rubuta shi."

Wannan 'yar gardama ita ce ta sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihi. Kowane ɗaya daga cikin rubuce-rubucen nan biyar yana da asali, yana da zamanin da ya shigo, yana kuma da waɗanda suka kawo shi. Idan marubuci ya san wannan tarihi, zai san abin da yake zaɓa in ya zo sa wa tauraruwar littafinsa suna, ko kuma ɗiyar cikinsa.

Zamanin Tawada da Alƙalamin Kara

Mu fara da rubutun liman, domin shi ne babba. Yawancin sunayen yanka na Hausawa daga Larabci suka zo, kuma malaman ƙasar nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta su kafin a san wani abu wai shi boko. Abin lura a nan shi ne, ko da malami ajami yake rubutawa, wato Hausa ko Fulatanci da baƙaƙen Larabci, in ya zo kan sunan Larabci yakan bar shi da sifarsa ta asali. Baki yana iya sarrafa suna yadda ya ga dama, amma alƙalami yana nan kan abin da ya gada.

Bakin Bahaushe kuwa ya sarrafa su ƙwarai. Akwai baƙaƙen Larabci da Hausa ba ta da irin sautinsu, sai ta maye gurbinsu da nata. Ta haka Khadija ta zama Hadiza, Radiya ta zama Raliya kamar yadda Ramadan ya zama Ramalan, Fatima ta zama Faɗima a wani wuri, Fatsima a wani. A nan yamma, inda "f" kan koma "hw", har Hwatsima ana ji. Bayan wannan ga laƙabi da sunayen alkunya: A'isha ita ce Indo, ita ce A'i, ita ce Shatu. Hauwa'u ita ce Kulu, Zainabu ita ce Abu, Hadiza ita ce Dije, Faɗima ita ce Binta. Duk da haka in aka ce malami ya rubuta sunan Dije a wasiƙa ko a takardar rabon gado, zai koma ga Larabcinsa ne.

Daga nan ne kuma za a gane asalin "tu" ɗin da ke ƙarshen A'ishatu. Baƙin ƙarshe na sunan shi ne wanda almajirai ke kira ta-kuri. In mai karatu ya tsaya a kansa sai ya fita kamar "h", a ji A'ishah. In kuwa ya ba shi rufu'a ya zarce, sai a ji A'ishatu. Kakanninmu daga littafi suka ɗauki sunayen nan, daga bakin malaman da ke karatu da cikakken wasali, ga shi kuma kalmar Hausa ta fi son ƙarewa da wasali. Shi ya sa muke da Zainabu da Maryamu da Hafsatu da Sa'adatu da Hauwa'u. Saboda haka mai ganin A'ishatu ƙauyanci ne, Aishat wayewa, bai san cewa na farkon ya fi kusa da nahawun Larabci ba.

Ƙasar Wurno tana da kyakkyawan misali a kan wannan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗegel a 1793 ta rasu a 1864, ta zauna a Wurno da Sakkwato tare da mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. 'Yan biyu aka haife su ita da Hassan, kuma bisa al'ada da Hassana ko Husaina za a kira ta, amma Shehu ya zaɓa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. A cikin waƙarta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta wajejen 1837, ta jero sunayen mata tun daga iyalan Annabi har zuwa malamai mata na zamaninta, ta kuma yi wa aminiyarta A'isha, matar Bello, marsiyya bayan rasuwarta. Jajis ɗinta na 'Yan Taru sun ɗauki waƙoƙin nan zuwa ƙauyuka, kowace tana furta sunayen da karin harshen garinsu. Amma a takarda, ko da wane harshe daga cikin ukun aka yi waƙar, A'isha baƙaƙen nan biyar ne da liman ya ja mana a Kwargaba.

A taƙaice, a wancan zamani rubutu ɗaya ne, furuci ne yake da yawa. Zuwan boko ne ya sa rubutun ma ya yaɗu kashi-kashi.

Kunnen Baƙo

Waɗanda suka fara rubuta sunayenmu da baƙaƙen Turawa matafiya ne, kuma abin da kunnensu ya ji shi suka rubuta, da ƙa'idar harshensu. Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya gana da Muhammadu Bello, ya rubuta sunan garin Sackatoo. Da ya dawo a 1826, tafiyar da ya mutu a cikinta a 1827, sai ga Soccatoo a littafinsa. Mai masaukinsa Giɗaɗo kuwa Gadado ya kira shi. Heinrich Barth, Bajamushe, ya zauna a Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, shi kuma rubutunsa ya fi kusa da Sokoto ɗin da ke kan taswira a yau.

Barth ya koma Turai da wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram. Shi ya rubuta sunan yaron Dyrregu, amma James Frederick Schön, ɗan mishan ɗin da ya zauna da yaron a Ingila yana ɗaukar Hausa daga bakinsa, Dorugu ya rubuta. Schön ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Ya yi aiki babba, sai dai bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, kuma rubutunsa bai raba "d" da "ɗ", ko "k" da "ƙ", ko "b" da "ɓ" ba. Mai karatu ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata. A irin wannan rubutu babu hanyar da za a bambanta Faɗima da Fadima, ko Bilƙisu da Bilkisu.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, rubutun kunnen baƙo ya shiga littafin gwamnati ya zauna daram. Sunayen garuruwanmu sun isa shaida. Sakkwato ta zama Sokoto, Gwaranyo ta zama Goronyo, wato "kwa" da "gwa" suka koma "ko" da "go". Raba, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, aka ƙara mata "h" a ƙarshe wadda babu mai furta ta, ta zama Rabah. Kwargaba dai ta tsira da "kw" ɗinta. In haka ta faru ga manyan garuruwa masu sarakai da malamai, ina ga sunan 'yar talaka a rajistar asibiti?

Boko Ya Sami Ƙa'ida

Ba a daɗe ba masu kula da ilmi suka ga ba zai yiwu kowa ya riƙa rubutu yadda ya ga dama ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Sautukan nan uku da suka gagari Schön sun ci gaba da ba da wahala. Wasu suka riƙa ɗiga musu ɗigo a ƙarƙashi, wasu suka riƙa rataya musu waƙafi a gefe, kamar yadda G. P. Bargery ya yi a babban ƙamusunsa na 1934. Sai a cikin shekarun 1930, ƙarƙashin Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya, aka tsaya kan baƙaƙe masu ƙugiya da muke amfani da su yanzu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta kai su lungu-lungu.

Daga baya aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Aka yi taron Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, aka sake zama a Kano a 1972, sannan masanan Nijeriya da na Nijar suka haɗu a Yamai a 1980 don daidaita rubutun ƙasashen biyu.

Cikin ƙa'idojin da aka tsayar akwai ɗaya da ta shafi sunanmu kai tsaye, wato ta alhamza. Ba a rubuta alhamza a farkon kalma, amma in ta zo a tsakiya dole a nuna ta da ɗan waƙafin nan na sama, kamar a sa'a da jama'a da ma'ana. Dalili kuwa shi ne "ai" da "au" tagwayen wasula ne a Hausa, gaɓa ɗaya suke yi. Wanda ya ƙware a karatun Hausa in ya ga Aisha, zai karanta farkonsa kamar farkon aiki ko aika, sunan ya zama gaɓa biyu. In ya ga Asmau zai ƙare shi kamar kibau. Ɗan waƙafin nan shi ne ke mayar wa A'isha da gaɓarta ta uku, ya mayar wa Asma'u da tata. Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato ta rubuta tarihin Nana Asma'u da Ingilishi a 1989, ba ta yar da shi ba, haka ma a kundin ayyukan Nana da suka fitar ita da Beverly Mack a 1997.

To, in ƙa'ida ta samu tun tuni, me ya hana ta aiki a kan sunaye? Amsa ita ce ƙa'idar littafi da jarida ta kama, ba ta kama akawu ba. Rajistar makaranta da ta asibiti da takardar shaidar jarrabawa duk da Ingilishi ake cika su. Tafiretar ofis ba ta da ƙugiya. Akawun da ke riƙe da rajista sau da yawa da Ingilishi kaɗai ya koyi rubutu, wani ma ba Bahaushe ba ne. Aishat da Aminat da Fatimat, masu yanke wasalin ƙarshe, an fi saninsu a tsakanin Musulmin ƙasar Yarabawa da maƙwabtansu, daga can suka yaɗu. Daga wajejen shekarun 1970 kuma, da makarantun Islamiyya suka yawaita, zuwa Makka ya sauƙaƙa, sai wani sabon salo ya shigo na mayar da suna ga lafazin Larabawa amma da baƙaƙen Ingilishi: Khadijah, Ruqayyah, Fatimah. Alhali "q" ba ta cikin abacadar Hausa, haka ma "kh".

Iyaka Ta Raba Alƙalami Biyu

Saura rubutun kawu na Maraɗi. Ingila da Faransa sun raba ƙasar nan a tsakaninsu da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka bi aka kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Gobir ta rabu biyu, Sabon Birni a wannan gefe, Tsibiri a wancan. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, aure ɗaya, amma yaran wannan gefe suka shiga makarantar Ingilishi, na wancan suka shiga lakwal.

A Faransanci sautin "sh" da "ch" ake rubuta shi, sautin "u" da "ou", sautin "c" kuma da "tch". Saboda haka A'ishatu ta zama Aichatou, wani lokaci da ɗigo biyu a kan "i" don a nuna gaɓar da mu muke nunawa da alhamza. Zainabu ta zama Zeinabou, Fatsima ta zama Fatchima, kamar yadda Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Madawa ta zama Madaoua. Wanda ya karanta Aïchatou mai ɗigo biyu da ƙa'idar Faransanci zai furta A'ishatu sarai. Ke nan kawu bai yi kuskure ba, abacadar wani harshe ce ya aro, kamar yadda mai rubuta Aisha ya aro ta Ingilishi.

Nijar tana da tata daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa, wadda gwamnati ta tabbatar a 1999, kuma kusan ɗaya take da tamu, in ban da 'yan wurare kamar "ƴ" da suke rubutawa inda mu muke rubuta "'y". A 2025 ma hukumomin ƙasar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma sunayen da ke cikin takardun haihuwa na miliyoyin mutane da alƙalamin Faransanci aka rubuta su, kuma doka ɗaya ba ta goge wannan a dare ɗaya. In aka ƙara nausawa yamma sai a tarar da Aissata a Mali, Aissatou a Senegal da Gini, Isatou a Gambiya. Duk sunan nan ne guda.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsala tamu ce mu kaɗai. Akwai tsibirin Ailan, yamma da Ingila, wanda mutanensa ke da harshensu da daɗaɗɗen adabinsu na rubuce, Ingila kuma ta mulke su shekaru aru-aru. Da aka fara rajistar haihuwa ta kowa da kowa a can a 1864, da Ingilishi aka yi ta, sunaye da yawa suka shiga littafi da sifar Ingilishi. Masu kishin harshe suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge a 1893, suka shiga farfaɗo da harshen da sunayensa. Bayan kudancin tsibirin ya sami mulkin kansa a 1922, gwamnati ta ɗauki aikin, har ta fitar da daidaitacciyar ƙa'ida a 1958, wadda ta zubar da baƙaƙe da yawa da ake rubutawa ba a furta su.

Ga abin da wannan ya haifar ga suna ɗaya na mata. A tsofaffin littattafansu akwai wata sarauniyar yankin Connacht da ake rubuta sunanta Medb. Da harshe ya canja sai rubutun ya zama Meadhbh, baƙaƙe bakwai amma gaɓa ɗaya tak, kusan kamar a ce "Mev". Sabuwar ƙa'ida ta taƙaita shi zuwa Méabh. Masu Ingilishi kuma Maeve suke rubutawa. Har yau iyaye a can sukan tsaya shawara: a ɗauki na kakanni da baƙo ba zai iya karantawa ba, ko na ƙa'ida, ko na Ingilishi da zai sauƙaƙa wa yarinya in ta fita waje? Gardamarmu ta Kwargaba ke nan, sai dai harshe ya bambanta.

Su ma suna da 'yar alamar da na'ura ke yawan haɗiyewa, wato ɗan karan da ake ɗora wa wasali don a nuna tsawonsa. Éire da karan sunan ƙasarsu ne, eire babu karan kuwa kaya mai nauyi yake nufi. Sun daɗe suna kokawa da ofisoshin da ke cire musu ita, har a 2021 majalisarsu ta gyara dokar harsuna, ta ɗora wa hukumomin gwamnati nauyin iya rubuta sunan mutum da alamominsa. Darasin da ke nan shi ne, ba su bar abin ga akawu ba. Masu harshen ne suka tashi suka nema.

Ranar da Takarda Ta Fi Baki Ƙarfi

Wani zai ce duk wannan surutun masana ne, tunda kakanninmu sun rayu lafiya ba su damu da waƙafi ba. Gaskiya ne, amma su a zamaninsu shaidar mutum bakin jama'a ce. Mai unguwa ya san ki, liman ya san ubanki, magana ta ƙare. Yau abin ya sake. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a Nijeriya. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa a 2007, bankuna suka shigo da lambar BVN a 2014, daga 2021 kuma sai da lambar NIN ake rajistar jarrabawar shiga jami'a. Duk waɗannan kwamfuta ce ke gwama su, ita kuwa kwamfuta ba ta san Indo ita ce A'isha ba. Baƙi take dubawa, ɗaya bayan ɗaya.

Na ga wannan a cikin gidanmu. Wata ɗiyar yayata, mai sunan Nana, ta gama sakandare da sakamako mai kyau. Takardar firamare ta ce Asmau, ta sakandare ta ce Asma'u, wani ofis kuma ya rubuta mata Asmawu. Da lokacin neman gurbin karatu ya yi sai aka ce mutum uku ne. Ubanta manomi ne, ya sayar da buhun albasa ya yi ta zirga-zirga zuwa birni, rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, jiran gyara. Kafin a gama shekarar karatu ta wuce. A ƙauye kuwa kowa ya san abin da shekara ɗaya a zaune take nufi ga budurwa: masu neman aure ba sa jiran kwamfuta. Allah ya taimaka ta samu ta shiga a shekara ta gaba, amma ba kowace ke samun uba mai wannan haƙuri ba.

Wani abin kuma, alhamzar da muke karewa ita ma tana da inda ba ta shiga. A ƙa'idar fasfo ta duniya, layukan nan biyu na ƙasan shafi da na'ura ke karantawa ba su ɗaukar waƙafin sama, ba su ɗaukar ƙugiya. A nan A'isha da O'Neill na Ailan hukuncinsu ɗaya, duka sai an cire musu. Fom da yawa na intanet ma haka suke yi.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Marubuci

'Yan'uwa marubuta, a ganina abu uku ne namu a cikin wannan al'amari.

Na farko, in littafin Hausa muke rubutawa, sunayen taurarinmu su bi ƙa'idar Hausa, kuma su zauna a kan sifa ɗaya daga bangon farko zuwa na ƙarshe. Sau nawa muka ga littafi ya fara da A'isha, a babi na uku ta koma Aisha, kafin a ɗaura aure ta zama Ayshat? Yara daga littattafanmu suke koyon rubutu fiye da yadda muke zato, iyaye kuma daga cikinsu suke tsintar sunaye. In marubuci ya sa wata tsohuwa ta ce Hwatsima don a gane Basakkwata ce, ko ya sa wasiƙa daga Maraɗi ta zo da Aichatou, wannan gwaninta ce, da sani aka yi. Abin gudu shi ne wanda ganganci ya kawo.

Na biyu, in mutumin gaske muke ambata, to yadda yake rubuta sunansa shi ne nasa. Wadda ke sa hannu da Khadijah ba mu da ikon mayar da ita Hadiza don ƙa'ida, haka wadda ke rubuta Hadiza ba a mayar da ita Khadija don burga.

Na uku, mu da muka iya alƙalami mu zama masu amfani ga danginmu a ranar suna. A zauna a zaɓi rubutu ɗaya kafin a je ofis, a rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, a miƙa wa mai rajista, a duba abin da ya rubuta kafin a tashi. Wannan takarda ita za a kai makarantar firamare, ita za a kai ko'ina. Aikin minti biyar ne, amma yana iya tsare wa yarinya shekara guda ta rayuwarta. Sannan ƙungiyoyi irin tamu su riƙa tuna wa hukuma cewa ƙugiya da alhamza baƙaƙen harshen miliyoyin 'yan ƙasa ne, ya kamata na'urorin gwamnati su iya ɗaukarsu.

Kammalawa

Mai karatu zai so ya ji yadda muka ƙare a Kwargaba. Uban jaririya ya saurari kowa, ya tuna wahalar ɗiyar yayarmu, sai ya ce da ni, "Yaya, naka ya fi daidai, amma ina tsoron wannan ɗan waƙafi, wata na'ura ta ɗauka wata ta ƙi." Ya yanke cewa a duk takardun hukuma Aishatu za a rubuta, da "tu" ɗinta, kada a ƙara kada a rage. Ban ji daɗin rasa alhamza ba, amma ban iya cewa bai yi tunani ba. Na dai yi alkawari duk wasiƙar da zan rubuta mata da Hausa, A'ishatu zan sa, in ta girma kuma in gaya mata dalili. Liman ya naɗe tasa takardar ya ba uban ya ce a ajiye mata.

Da labari ya shiga cikin gida, kakar jaririya ta yi dariya ta ce, "Ku rubuta abin da kunka ga dama, ni dai Indo nika kiranta."

Allah ya raya Indo, ya sa ta yi karatun da za ta rubuta sunanta da hannunta, da ajami da boko duka.